Waken da Na Yi Kala a Gefen Gonar Tukur

Shekara talatin da ɗoriya ina feshi a gonakin mutane, amma tsutsa ta cinye waken gonata kakaf ina kallo, famfona biyu suna rataye a zaure, ga magani a ɗaki. Ba fari aka yi ba, ba ambaliya ba. Ni na ja wa kaina. Sunana Haruna, a Gozaki ana ce mini Na-Famfo. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Abin da na sani ƙwaro ne da magani da iska.

Ku samarin da kuke zuwa Funtua ku sayo famfo, washegari ku ce kun zama masu feshi, da ku nake. Gani kuke yi goya jarka ne kawai a yi ta kaɗa hannu. To ku saurara.

Famfo biyu mai feshi yake riƙewa, ɗaya na maganin ciyawa, ɗaya na maganin ƙwari, kuma ba a haɗa su ko da an wanke. Ruwa sai an tace shi da ƙyalle, don ɗan yashi guda ya isa ya toshe bakin famfo. In ya toshe, ba a sa baki a hura. Tsinken ciyawa ake zira masa. Na san wanda ya hura, leɓensa bai sake komawa daidai ba. Ba a feshi raɓa na kan ganye, ba a yi rana tsaka, ba a yi in hadari ya haɗo. Iska a gefenka take zama, ba a fuskarka ba. Takunka ɗaya ne daga farkon layi zuwa ƙarshensa, ko madauri ya ci maka kafaɗa, ko ƙaya ta shige ka. In ka yi sauri ƙwaro ya tsira, in ka yi nawa ganye ya ƙone. Kuma kafin ka buɗe kwalba, ka tsuguna ka juya ganye ka ga wane ne a gonar. Yawancinku ba kwa tsugunawa.

A wurin Baba Ɗanladi na Kafur na koya, zamanin da auduga ke da daraja. Mu biyu ya ɗauka, ni da Tukur. Unguwarmu ɗaya da Tukur, rana ɗaya aka yi mana kaciya. Wata guda Baba bai bar mu mun taɓa magani ba. Ruwa zalla yake zuba mana, ya kai mu busasshen fili, ya ce mu fesa. In mun gama ya bi sawunmu yana duban jiƙar ƙasa. Nawa layin yakan fita sumul kamar an shimfiɗa zane. Na Tukur nan tabo, can fili. Baba yakan ce, "Tukur, wannan feshi ne ko fitsarin akuya?" Tukur ya yi dariya, Baba ma ya yi dariya, shi ke nan magana ta wuce. Ni ba a taɓa yi mini dariya ba, ba a kuma taɓa ce mini madalla ba.

Akwai wani aiki da ba na mantawa, gonar audugar wani Alhaji a hanyar Malumfashi. Tukur ya ɗauko famfon maganin ciyawa bai duba ba, ya ƙone layi huɗu. Kwana uku ganye ya nannaɗe. Alhaji ya zo yana huci. Tukur ya durƙusa, ya yi ta magana, ya yi ta magana, har Alhaji ya sauko, ƙarshe ma ya cire hular kansa ya ba shi. Ni da na fesa sauran gonar duka ba tabo ko ɗaya, ko sunana Alhaji bai tambaya ba. Tun ran nan na gane yadda aka raba mu. Ni na iya aiki, shi ya iya mutane.

Da auduga ta ja baya, wake ya zama abincina. Wake yana da maƙiya da yawa, amma babbarsu tsutsar fure ce. Wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne yake zuba ƙwai a kan toho. Tsutsar ta fito ta shige cikin fure, ta ci, furen ya zube. In kwanso ya fito ta huda shi ta shige, ta liƙe ƙofar da yana irin ta gizo-gizo. In ta riga ta shiga, ko wanka ka yi wa gonar da magani da ƙyar ya same ta. Saboda haka tare ta ake yi. Daga fara toho, duk mako ko kwana goma sai an fesa, sau shida, sau bakwai. A watan da wake ke fure, kafin in dawo daga sallar asuba na tarar da mutum biyar a ƙofar gidana, kowa yana cewa tasa gonar za a fara. Har daga Danja ake aiko mini da babur. Tukur ma yana feshi a lokacin, amma wanda bai same ni ba shi ke zuwa wurinsa. A wannan abu ɗaya na fi shi, kuma kowa ya sani.

Sai wata shekara, gab da damina, malamin gona, Malam Kabiru, ya tara mu a gindin bishiyar ƙofar mai unguwa. Ya fito da wake a ƙaramar leda. Fari ne, ba shi da bambanci da wanda muka saba.

Ya ce, "Wannan iri tsutsar fure ba ta iya masa. Akwai wata halitta a cikin ƙasa, ido ba ya ganinta, tana yin wani abu da in tsutsa ta ci sai cikinta ya lalace. Masu bincike suka ciro ɗan abin da ke sa ta yin haka, suka dasa shi a cikin wake. Yanzu waken da kansa yake yin maganin, a ganye da fure da kwanso. Tsutsa ta ɗan ciza, ta daina ci, ta mutu."

Wani tsoho ya ce, "To mu da za mu ci fa, Malam? Namu cikin fa?"

"Baba, cikinka ba irin na tsutsa ba ne. An daɗe ana gwada shi kafin a sake shi. Allurar da ake yi wa masu ciwon suga ma da irin wannan dabarar ake haɗa ta, ga mutane nan suna yawo da ita a jiki. Sai dai fa tsutsar kaɗai yake kashewa. Sauran ƙwari masu tsotsa suna nan, don haka za a yi feshi, amma sau biyu ya isa."

Wani daga baya ya ɗaga murya, "Na-Famfo, an yi maka ritaya!"

Aka kwashe da dariya. Na ce, "Wake mai feshin kansa? Saura a kawo mana gero mai surfa kansa, mata su huta." Aka ƙara dariya. Na miƙe na kaɗe rigata, na ce ina da aiki a Danja, na tafi. Malam Kabiru bai gama bayani ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ana neman gona a bakin hanya da za a shuka irin kowa ya gani. Gonata ta fi ta Tukur kusa da titi, ƙasata ta fi tasa. Amma shi ya zauna har ƙarshen taron, ya raka Malam Kabiru wurin babur ɗinsa, ya riƙe masa jaka. Gonarsa aka zaɓa.

Ban taka gonar ba duk daminar. Daga kan hanya nake kallo in zan wuce. Fure ya fito bai zube ba. Kwanso ya yi reto har reshe na taɓa ƙasa. Sau biyu kacal na ga Tukur da famfo a ciki, da wannan tafiyar tasa ta agwagwa. Da kaka aka yi taro a gonar, aka kafa rumfa, motoci suka zo daga Katsina da Zariya. Aka ba Tukur abin magana yana yi wa mutane bayanin tsutsa. Tukur! Mutumin da ni na nuna masa bambancin ƙwan tsutsa da kashin ƙuda. Ina tsaye a bayan taro, ba wanda ya ce a tambayi Haruna.

Damina ta biyu rabin masu waken garinmu suka koma sabon iri. Tukur ya ajiye famfo, ya buɗe ɗan shago a Kafur yana sayar da irin da ake kawo masa a leda. Ya canza babur. Ni kuwa ƙofar gidana ta zama fili. Malam Isiya, wanda na yi shekara goma sha ina yi wa feshi, na gamu da shi a kasuwa na ce, "Malam, bana shiru?"

Ya ce, "Ai na Tukur na shuka. Zan neme ka sau biyu, in Allah ya so."

"Sau biyu?"

"To Na-Famfo, in fesa abin da ba ya nan?"

Na fara yawo da magana. Na ce irin yana kashe ƙasa. Na ce harawarsa tana sa awaki ɓari. Ban ga ko ɗaya da idona ba, faɗa kawai nake yi. Wasu suka ɗauka, yawanci suka dubi buhunan Tukur suka ƙyale ni. Na daina amsa gaisuwarsa. In ya ce, "Haruna, ina kwana?" sai in duba tayar babur ɗina.

Amma ni mai feshi ne, ina da ido. Na san irin yana aiki. Kuma na ji cewa wake ba kamar masarar zamani ba ne, in ka ajiye abin da ka girbe ka shuka, yakan fito da halin uwarsa. Ina son irin. Abin da ba zan iya ba shi ne in tsaya a gaban shagon Tukur in ce ya auna mini.

Sai na tuna da kala. Kun san al'adarmu, in mai gona ya gama roro ya kwashe, abin da ya rage na mai tsinta ne, ba wanda zai ce ka yi sata. Sai dai kala aikin tsofaffin mata ne. Namiji mai iyali, mai suna a sana'a, ba a ganinsa tsakiyar gonar wani yana tsintar kwanso. Saboda haka na ɗauki buhu da lauje kamar mai yankar wa awaki ciyawa a bakin hanya. Ina bin gefen gonar Tukur, ƙafa ɗaya a hanya, ɗaya a layin farko. In na ji babur sai in duƙa kan ciyawa. Ban taɓa wuce layi na uku ba. Kuma abin ya zo mini da sauƙi, don a gefen nan an bar kwanso da yawa, kamar ba a damu da shi ba.

Na ga huda a jikin wasu kwanson. Na ga yana, na ga kashin tsutsa. Mai hankali zai tsaya ya ce, me ya kawo tsutsa cikin waken da aka ce ba ta iya masa? Ni daɗi na ji. Na ce a raina, ashe abin nasu ma ba kamar yadda suke zuzuta shi ba ne. Na zubar da masu huda, na ɗebi masu kyau. Kwana takwas ina wannan, na tara tiya uku. Na shanya, na gauraya da toka, na zuba a jarka na toshe, na tura ƙarƙashin gado.

Bayan kwana biyu matata Laure ta shigo da ƙwarya a rufe. Ta ce, "Malam, daga gidan Tukur. Sabon wake ne, ya ce a kawo maka ɗanɗano."

Na buɗe. Tiya biyu zai yi, fari tas, ba huda ko ɗaya.

Ta ce, "Ga iri ya zo har gida. Sai ka huta da yankan ciyawar nan da awaki ba sa gani."

Ashe ta sani. Na ce, "Ke kina ganin Tukur zai aiko mini da na gaske? Tsohon wake ya zaɓo, in shuka tsutsa ta cinye, a yi mini dariya."

"Shi ya gaya maka?"

"Ni na san abin da zan yi in ni ne shi."

Ta dube ni ta ce, "Wannan kam gaskiya ne."

Na ce ta jiƙa shi. Kwana huɗu muna cin ƙosai da alala. Ya yi daɗi, ban faɗa ba.

Damina ta uku na shuka tiya ukun nan a gonata ta bakin titi, duka, ban bar wa dawa ko layi ɗaya ba. Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma sai na kai bakina teburin mai shayi, inda majalisarmu take zama da safe. Tukur yana wurin, ya tsaya shan shayi kafin ya wuce shago.

Na ce, yadda kowa zai ji, "Wai feshi biyu ake wa surutu? Ni tsohon wakenmu na shuka, na iyaye da kakanni. Sau biyu zan fesa shi, kuma ku zo da kaka ku gwada da na kowa. Ba iri ba ne, hannu ne. Wanda bai iya feshi ba shi ke neman wake ya yi masa."

Mai shayi ya ce, "Na-Famfo, a rubuta?"

"A rubuta. In kun gan ni da famfo a gonata sau na uku, ku canza mini suna."

Tukur ya ajiye kofi ya ce, "Haruna, tsohon wake ba ya yin haka. Kai ka fi ni sani."

"Au, yau ka yarda na fi ka sani?"

Aka yi shewa. Ya hau babur ya tafi. Ni a lissafina, sabon iri ne a gonata, zai yi aikinsa a ɓoye, suna kuma ya zama nawa. Mutane su dawo ƙofar gidana, shagon Tukur ya koma sayar da ashana.

Wake ya fito da kyau. Na yi feshin farko da ya fara toho, na biyu da fure ya buɗe, kowanne da rana a gaban jama'a. Na wanke famfo na rataye.

Kwana tara bayan na biyu, da safe, na tsuguna na buɗe wani fure. Ga ta a ciki, 'yar ƙarama, mai ɗige-ɗige a baya. Na buɗe na biyu, ga wata. Da a gonar wani ne, a ranar zan ce a kawo ruwa in fesa. Amma na tuna maganar Malam Kabiru, ta ɗan ciza, ta daina ci, ta mutu. Na ce bari in ba waken lokaci ya yi aikinsa.

Bayan kwana uku na dawo. Ba su mutu ba, sun yi ƙiba. Fure ya fara zuba a ƙasa kamar an watsa. Laure ta biyo ni gonar da fura, ta duba ta ce, "Malam, ni ban san feshi ba, amma wannan tsutsar ba ta yi kama da mai shirin mutuwa ba."

"Sai ta ci da yawa yake kama ta."

"Ka ɗauko famfo."

"Gonar a bakin titi take. Kowa zai gani."

"To su gani mana. Suna za mu ci ko wake?"

Ban ɗauko ba. Na ƙara kwana huɗu. Ranar da na haƙura na goyo famfon, tsutsa ta riga ta shige kwanso ta liƙe ƙofa. Na fesa duk da na san aikin banza ne. Masu wucewa suka tsaya a kan babura suna ƙirgawa da ƙarfi, "Na uku!" Bayan kwana biyar, "Na huɗu!" Wani ya ce, "Wane sunan za mu sa maka, Na-Tsutsa?" Sunan ya bi ni har yau a bakin wasu.

Ana cikin haka wata safiya Tukur ya tsaya da babur a bakin gonata, Malam Kabiru a bayansa. Suka shigo ba sallamar kirki, don sun san ba zan amsa ba. Malam Kabiru ya ɓare kwanso uku, kowanne da tsutsa. Ya ce, "Malam Haruna, tsohon iri sau biyu ai ganganci ne."

Na gaji. Na ce, "Ba tsoho ba ne. Naku ne. Ga abin da irin naku yake yi, ku gani da idonku."

Tukur ya ce, "A ina ka samu? Ba ka saya a wurina ba."

"A gonarka. Kala na yi."

"Ta ina?"

"Ta bakin hanya."

"Layi nawa ka shiga?"

"Uku."

Ya dubi Malam Kabiru, Malam Kabiru ya dube shi. Tukur ya cire hula ya riƙe a hannu. Ya ce, "Haruna, layi huɗun gefen gonata, duk kewaye, tsohon wake ne. Da gangan ake shuka shi."

Malam Kabiru ya ce, "Ai na yi bayaninsa ran taron farko, ka riga ka tashi. Kai da kanka ka san in aka daɗe ana fesa magani ɗaya, ƙwaro yakan saba da shi."

Na sani. Na ga magungunan da a da suke kashewa nan take sun koma kamar ruwa.

"To haka waken nan. In duk duniya shi kaɗai ne, 'yan tsutsar da suka jure masa su za su rage, su hayayyafa, shekara kaɗan ya daina aiki. Shi ya sa muke cewa a bar wa tsutsa ɗan tsohon wake a gefe ta ci. Waɗanda suka tashi a can, ba su san sabon ba, su yi ta haɗuwa da masu jurewar, jinin juriyar ya yi rauni. Abincin tsutsa ka tsinto, Malam Haruna."

Na dubi tsutsar da ke cikin kwanson. Tukur ya ce, "Da ka ƙara taku goma ciki, da ka samu na gaske. Kuma ni na hango ka tun kwana na biyu. Na san ba za ka karɓa a hannuna ba, shi ya sa na aika a ƙwarya ta wurin mata. Daga tsakiyar gona na ɗebo maka, da hannuna na zaɓa. Da na ga ka shuka, har na ji kana cika baki wurin mai shayi, na ɗauka shi ne a ƙasa, na ce bari in ƙyale ka ka ci sunanka. Ina waken?"

Na ce, "Mun yi ƙosai."

Malam Kabiru ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Tukur bai yi dariya ba. Da ya yi, da na fi jin sauƙi.

Abin da na rora a gonar nan bai cika buhu ba, rabinsa huda. Harawar kaɗai awaki suka mora. Wannan shekarar dawar ƙanen Laure muka ci, ni da ban taɓa cin hatsin surukai ba. Na sayar da famfo ɗaya da tunkiya. Ƙaryar da na yi a teburin mai shayi, cewa tsohon wake na shuka, ita kaɗai ce gaskiyar da na faɗa duk shekarun nan uku.

To ku masu sabon famfo, ga abin da zan gaya muku. Sana'ar ba ta mutu ba, ta canza. Sabon iri, na wake ko na audugar da ta shigo daga baya, tsutsa yake kashewa, ba ya taɓa masu tsotsa. Feshin ya ragu, amma biyun da suka rage sai wanda ya san ranarsu. Ka yi da wuri ka yi asara, ka makara ka yi asara. Kafin ka fesa gona ka tambayi mai ita wane iri ne a ciki, wane ne a gefe, a ina ya samo. In an kira taro, ka zauna har a shafa fatiha. In idonka ya ga tsutsa tana ƙiba, ka yarda da idonka, ko me ka faɗa a gaban mutane.

Tukur ya je Makka bara, yanzu Alhaji Tukur ne. Shagonsa ya zama biyu. Har gobe bai iya riƙe famfo ba, in ya fesa fili nan tabo ne can fili, na rantse da wannan ko a gaban alƙali. Shi ma ya sani, shi ya sa gonakinsa uku ni nake fesa su, sau biyu a damina. In na je yakan ce, "Na-Famfo, ba kamarka," a gaban mutane, ni kuma in duba tayar babur ɗina. Irin da nake shukawa yanzu daga shagonsa yake fitowa. Laure ke aikawa a sayo, ni ban taɓa tsayawa a ƙofar ba.

Ina nan Gozaki, gida na uku bayan masallacin bakin titi, da famfo ɗaya. Gonata tana nan inda take, ta fi tasa kusa da hanya, ƙasata ta fi tasa. Layi huɗun gefe tsohon wake ne. Duk wanda zai yi kala a ciki, ya shiga tsakiya.